Jinyar Mesar da Ke Cizon Kanta: Hanyar da Na Bi Daga Birnin Kebbi Zuwa Sakkwato

Masu kiwon maciji a gida ba su da yawa a ƙasar Kabi, kuma saboda ƙarancinsu, idan matsala ta taso mutum ba ya samun wanda zai tambaya. Na rubuta wannan bayani ne domin wanda wata rana zai tarar da macijin da yake kiwo ya kafa haƙora a jikin kansa ya san ta inda zai fara, da wuraren da zai je, da abin da zai riƙe a hannu idan ya je. Ni na sha yawo kafin in fahimci cewa cizon alama ce ta wata damuwa da ke jikin dabbar ko a mazauninta, kuma a yankinmu zafi ne abin da ya kamata a fara tuhuma.

Ni malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi. Dabbar da nake kiwo ƙaramar mesa ce, irin wadda idan ta tsorata take dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiyar jikinta, wadda masana ke kira Python regius. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma a hannun mai kulawa tana iya rayuwa shekara 20 zuwa 30. Ta zo hannuna ne daga wata gona a wajen Yawuri, inda 'yan ƙwadago suka tono ta suna sharar gona, fartanya ta yanke ta kusa da wutsiya, wani ɗan'uwana ya hana a ƙarasa ta ya aiko mini da ita saboda ya san aikina. Ta warke, ta zauna shekaru a cikin akwatin katako mai gilashi a gaba, a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano a bayan gida, inda kuma nake kiwon ɓerayen da take ci.

Abin ya fara ne a watan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana a Birnin Kebbi kan haura digiri 40. Na dawo gida bayan la'asar, an ɗauke wuta tun safe, na buɗe ɗakin na tarar ta kama gefen jikinta da baki wajen tsakiya, ta kuma nannaɗe kanta tana matsewa yadda take yi wa ɓera. Gabana ya faɗi ƙwarai, domin wannan dabba ce mai sanyin hali wadda ko ni ba ta taɓa kai wa cizo ba. Abin da hannu ke son yi a irin wannan lokaci shi ne ya fizge kan daga jikin, kuma shi ne abin da bai kamata a yi ba, saboda haƙoran mesa a lanƙwashe suke zuwa baya kamar ƙugiyar masunta, duk ja da aka yi sai su ƙara nutsewa, su yaga fata ko su karye a cikin nama. Na ɗebo ruwan randa mai ɗan sanyi, ban sa ƙanƙara ba domin sanyi mai tsanani farat ɗaya yana iya yi wa maciji lahani, na riƙa zuba mata a kai da jiki a hankali. Bayan ɗan lokaci ta sassauta, sai na riƙe ta a bayan kai na tura kan gaba kaɗan har haƙoran suka zare. Raunin jerin ƙananan huji ne masu tsattsafo da jini, da wuri ɗaya inda fatar ta ɗan tsage. Na wanke shi da ruwa mai tsabta, na sirka aidin da ruwa har ya koma launin shayi marar kauri na goga da auduga, sannan na kwashe ɓuntun shinkafar da nake shimfiɗa mata na maye gurbinsa da tsohuwar jarida domin kada datti ya manne a ciwon.

A daren nan magana ta kai ga mutanen gida. Maiɗakina, wadda dama haƙuri take yi da zaman dabbar, ta ce, "Malam, abin da ya fara cin naman kansa bai kamata ya kwana gida ɗaya da yara ba." Washegari kawuna ya zo, ya leƙa akwatin daga nesa, ya ce, "Ɗana, wannan ba ciwon asibiti ba ne, iska ce ta shige ta, ka kai ta daji ka rabu da ita." Ban ga laifinsu ba, domin a ƙasar da kububuwa da kasa da gamsheƙa ke hallaka manoma kowace damina, tsoron maciji hankali ne. Amma na san cewa mesa mai rauni a buɗe, wadda ta shekara da shekaru ana ba ta abinci, idan aka jefa ta daji a tsakiyar bazara ko ciwon ya ruɓe ya kashe ta ko mutum na farko da ya gan ta ya sare mata kai. Kuma tun muna yara ake karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Dabbar da mutum ya tsare da hannunsa haƙƙinta yana wuyansa. Na roƙi kawu ya ba ni lokaci, na kuma yi wa maiɗakina alkawarin cewa ɗakin zai riƙa zama a kulle da kwaɗo.

Wurin farko da na nufa shi ne wajen wani dattijon gardi da ke wasa da macizai a ranar kasuwa, saboda a tunanina ba wanda ya kai shi sanin halin maciji a kusa. Na jira har ya gama wasansa ya sallami 'yan kallo, na gaishe shi na ce, "Baba, na zo da tambaya ne a kan mesa." Na nuna masa hoton raunin a waya. Ya daɗe yana duban hoton, kuma idanunta ya fi duba fiye da raunin, sannan ya ce, "Malam, wannan saɓa za ta yi, dubi idon ya yi hazo, ba ta gani sosai." Wannan magana tasa gaskiya ce, kuma daga baya likita ya tabbatar da ita. Maciji ba shi da fatar ido mai rufewa, wani siririn ɓawo ne garai-garai ke rufe idon, kuma idan saɓa ta kusa ruwa yakan shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, idon ya dishe na wasu kwanaki, dabbar ta zama mai saurin firgita. Amma maganin da ya ba da shawara ban karɓa ba. Ya ce in kawo ta ya cire mata haƙora, ya kuma miƙo mini wani garin magani in barbaɗa a ciwon. Haƙoran maciji suna sake fitowa, kuma cire su da ƙarfi yakan bar rauni a dasashi wanda ke zama ruɓewar baki, ciwon da ke kashe macizai da yawa a hannun masu kiwo. Na ba shi ɗan abin goro, na yi godiya, na tafi.

Daga nan na biya wani shagon magungunan dabbobi. Yaron shagon, da jin an ce rauni, ya ɗauko feshin nan mai launi da ake fesa wa raguna, da maganin kaska na shanu, da allurar ibamektin mai kashe tsutsar ciki da kaska, ya ce in haɗa duka. Ina jan hankalin mai karatu a nan, domin waɗannan magunguna an auna su ne da jikin sa da rago, kuma abin da bai isa ya motsa akuya ba yana iya kashe macijin da nauyinsa bai kai kilo biyu ba. Ibamektin ma an san yana kashe kunkuru, a maciji kuwa sai likita ya auna shi da nauyin dabbar. Aidin da auduga da safar hannu kaɗai na saya, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Asibitin dabbobi na cikin gari shi ne zango na gaba. Na sa ta a cikin rigar filo mai tsabta na ɗaure bakin, na sa a robar da na huhhuda murfinta, na isa da safe. Na tarar da layin masu raguna da awaki da wani mai doki, na biya kuɗin kati aka rubuta sunana da unguwata, da aka zo wajen irin dabba na ce mesa, sai mai rubutun ya ajiye biro ya kira likita. Na zauna can gefe a inuwa har aka sallami waɗanda suka riga ni, wanda ya kai ni kusan azahar, kuma duk tsawon zaman ina ɗan yayyafa wa rigar filon ruwa saboda zafi. Likitan matashi ne, ya faɗa mini gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce, "Malam, aikinmu a nan shanu da tumaki da kaji ne, maciji sai a littafi, amma rauni rauni ne, zan wanke shi in tura ka inda suka fi mu kayan aiki." Ni na riƙe kan, shi ya wanke ciwon, ya duba ko akwai karyayyen haƙori a ciki, ya shafa man ƙuna irin wanda ke ɗauke da sinadarin azurfa, ya kuma gargaɗe ni kada in shafa mata man ciwo mai kashe zafi irin na mutane. Ya rubuta mini takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Abu mafi amfani da ya ba ni kuwa shawara ce: in sayi ma'aunin zafi da laimar iska in sa a cikin akwatin, in riƙa rubuta abin da ya nuna safe da rana da dare, in rubuta ranar da ta ci abinci na ƙarshe da ranar saɓarta ta ƙarshe, in kuma ɗauki bidiyo idan ta sake yi.

Na samo ma'aunin a shagon masu sayar da kayan kiwon kaji, irin wanda ake sa wa a injin ƙyanƙyasa, a kan kuɗin da bai kai naira 10,000 ba a lokacin. Abin da ya nuna ya tayar mini da hankali. Da asuba zafin cikin akwatin yana wajen digiri 31, amma tsakanin azahar da la'asar yana kaiwa 38, wani lokaci 39, kuma kowane lungu na akwatin haka yake, babu inda ya fi wani sanyi. Laimar iska kuwa ta yi ƙasa ƙwarai. Nan take na sauke akwatin daga kan tebur zuwa ƙasa na rufa masa jiƙaƙƙen buhu, amma kafin in kammala shirin tafiya ta sake kama kanta, wannan karon kusa da wutsiya, a daidai irin lokacin da ta yi na farko. Na ɗauki ɗan gajeren bidiyo sannan na zuba mata ruwa. Ganin haka karo na biyu ya fi na farko ciwo a zuciyata, domin na fara tsoron cewa ciwon a ƙwaƙwalwa yake.

Kafin tafiya akwai batun takarda, wanda wani abokin aikina ya tuna mini. Hanyar Sakkwato akwai shingayen bincike, kuma mutum ɗauke da mesa a mota yana iya zama abin zargin fataucin namun daji. Dokar tarayya ta 1985 kan kare dabbobin da ke fuskantar barazana, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta shafi ciniki da safarar irin waɗannan dabbobi, kuma mesa tana cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa ta sa ido a kan cinikinsu, musamman da yake ana fitar da wannan ƙaramar mesa da yawa daga Togo da Benin da Ghana zuwa Turai da Amurka. Na je ofishin da ke kula da gandun daji da namun daji da takardar likita, da katin shaidar aikina, da hoton dabbar, da wasiƙar da na rubuta da hannu ina bayyana yadda ta zo hannuna da dalilin tafiyar. Buƙata ce da ba a saba kawo musu ba, saboda haka sai da aka kai ta gaban babban jami'i. Na ce masa, "Ranka shi daɗe, magani zan kai ta in dawo da ita, ba sayarwa ba." Ya yi mini tambayoyi masu yawa a kan inda aka same ta da yadda nake tsare ta, sannan ya sa hannu da hatimi a kan wasiƙar. Na yi kwafinta na ajiye ɗaya a gida.

Mota ce ta fi komai cin kuɗi a duk wannan lamari. Ban ga dacewar in shiga motar haya da maciji ba tare da sanin fasinjoji ba, kuma na san idan na faɗa ba direban da zai ɗauke ni, saboda haka na ɗauki shatar motar wani maƙwabci, kuɗin man zuwa da dawowa ya ninka duk abin da na biya a asibiti. Mun tashi bayan sallar asuba domin mu riga rana, muka bi ta Argungu, robar tana ƙasan kujerar baya inda rana ba ta bugawa, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul. A wani shinge an tambayi abin da ke cikin robar, na miƙa wasiƙar da takardar likita, jami'in ya karanta ya ce, "Allah shi ba ta lafiya, Malam," bai ma nemi a buɗe ba.

A asibitin koyarwa na buɗe sabon kati, na biya kuɗin ganin likita aka ba ni rasit, na miƙa takardar turawa, na zauna jiran a kira ni. Da aka shigar da ni, likitan da ɗalibansa sun fi daɗewa a kan littafin da na rubuta da bidiyon fiye da kan raunin kansa. Ya dakatar da bidiyon ya nuna wa ɗaliban cewa ta kama ne ta riƙe ta nannaɗe, wato cizon abinci ne, domin cizon tsoro sara ne a saki nan take. Ya tambaye ni inda nake ajiye ɓeraye, na ce ɗaki ɗaya da ita. Ya bayyana cewa maciji da harshe yake ɗebo ƙamshi ya kai shi wata gaɓa da ke saman bakinsa, mesa kuma tana da wasu ƙananan ramuka a leɓenta na sama da take jin ɗumin jikin abin farauta da su. Idan ido ya dishe saboda saɓa, ɗaki ya cika da warin ɓera, jikinta kuma ya yi zafi fiye da kima, tana iya ɗaukar motsin jikinta a matsayin abinci. Ya ƙara da cewa maciji ba ya gumi kuma ba ya iya daidaita zafin jikinsa daga ciki, sai dai ya matsa daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, idan kuwa babu inda zai matsa sai ya rikice. Abin da wannan mesa ke buƙata shi ne gefe ɗaya na mazauninta ya kasance digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen 24 zuwa 27, laima kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, a ƙara ta lokacin saɓa.

Daga nan aka auna nauyinta a sikeli, aka buɗe bakinta a hankali aka duba dasashi da haƙora, aka shafa cikinta daga wuya zuwa wutsiya ana neman kumburi. Sai gwajin da na fi jin tsoro: likitan ya kifar da ita rigingine ya saki. Ta juyo nan take ta daidaita. Ya ce wannan alama ce mai kyau, domin akwai wata cutar bairos da ke kama mesa da danginta, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da IBD, aka gano ƙwayar da ke haddasa ta a 2012, kuma ba ta da magani. Macijin da ta taɓa ƙwaƙwalwarsa yakan ɗaga kai sama ya ƙame, ko ya riƙa murɗewa, ko ya kasa juyowa idan an kifar da shi, ko ya riƙa amayar da abinci. Ba ta nuna ko ɗaya ba, sai a lokacin na ji numfashina ya daidaita. Amma da wata ɗaliba ta goga farar takarda mai ɗan danshi a ƙarƙashin haɓarta da gefen idanunta, sai ga ƙananan ɗigo baƙaƙe suna motsi. Aka sa su a na'urar ƙara girma, aka tabbatar wasu ƙananan ƙwari ne dangin kaska masu shan jinin macizai, suna ɓuya ƙarƙashin ɓawon fata suna sa ƙaiƙayi mai tsanani. Likitan ya tambaya ko ta haɗu da wani maciji kwanan nan, na tuna cewa makonni kafin nan an yi ranar baje kolin kimiyya a makarantarmu inda aka kawo wasu macizai aka ajiye kusa da ita. Waɗannan ƙwari suna bin hannu da tufafi da kwanduna. An karɓi ɗan kashinta da na zo da shi a leda domin duba tsutsar ciki, sakamakon ya fito babu komai.

Maganin da aka rubuta kashi uku ne. Na farko allurar kashe ƙwayoyin cuta mai suna seftazidim, wadda ake yi wa maciji sau ɗaya duk bayan sa'a 72 saboda jikinsa yana sarrafa magani a hankali, kuma a naman gefen ƙashin baya ta ɓangaren gaba na jiki ake yin ta, domin jinin da ke dawowa daga wajen wutsiya yana iya bi ta ƙoda. An yi ta farko a can, aka rubuta wa likitanmu na Birnin Kebbi takarda ya ci gaba da sauran. Na biyu wanke raunin kullum da shafa man nan. Na uku maganin ƙwarin, wanda likitan ya sirka da kansa gwargwadon nauyinta, ya ce in cire kwanon ruwanta duk lokacin da na yi amfani da shi har ya bushe. Ya ja kunnena da ƙarfi a kan ota-piya-piya da sauran magungunan sauro da kyankyasai, ya ce ko a ɗakin da take kada a fesa su, domin su kansu suna taɓa jijiyoyin maciji har ya riƙa karkarwa da cizon kansa, ko ya mutu.

Aikin gaske a gida aka yi shi. Ƙwarin nan ba a jikin maciji suke yin ƙwai ba, a tsagogin mazauninsa suke yi, kuma daga ƙwai zuwa babba bai wuce kamar mako biyu ba, shi ya sa magani sau ɗaya ba ya isa. Akwatin katakon na fitar da shi gaba ɗaya saboda tsagoginsa, na mayar da ita babbar roba mai murfi da hujin shan iska, wadda ake iya wankewa da ruwan zafi da ɗan hayipo a ɗauraye a shanya a rana. Na ci gaba da shimfiɗa farar takarda domin duk ƙwaron da ya faɗo in gan shi. Ɓerayen na kai su wani ɗaki can nesa. Batun zafi kuwa, abin da dabbar ke yi a daji shi ya nuna mini hanya: da rani wannan mesa a ramukan ɓeraye da tsofaffin shuri take kwanciya, inda ƙasa ke riƙe sanyi da danshi. Muna da tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara da muke ajiye hatsi, na kwashe hatsin na share shi na sa kwaɗo, na ajiye robar a dandamalin ƙasa. A gefe ɗaya na kifa rabin fasasshen tulu da nake jiƙawa safe da rana ya zama maɓoyarta, na jingina randa cike da ruwa a jikin robar ta waje. Ma'auni ya sauko zuwa 28 ko 29 a gefen tulun ko da tsakar rana, kuma ba ruwan wannan tsari da ɗauke wuta. Duk rana nakan sa ta a ruwa mai ɗan ɗumi wanda bai rufe bayanta ba na ɗan lokaci, ina tsaye a kanta.

Saɓar da ta biyo baya gutsu-gutsu ta fito, sai da na taimaka da jiƙaƙƙen tawul, na kuma duba tsohuwar fatar na tabbatar ɓawon idanu biyun sun fita tare da ita, domin idan suka maƙale ba a ɓanɓare su da farce, likita ake kai wa. Ban ba ta abinci ba sai da aka gama allurai raunin ya kame, kuma wannan bai dame ni ba saboda babbar mesa mai lafiyar jiki tana iya yin makonni da yawa ba ta ci ba. Da na koma ba ta, mataccen ɓera na miƙa mata da dogon matsefi bayan magariba, na wanke hannu kafin da bayan, na canza takardar shimfiɗa idan ɓeran ya taɓa ta. Rauni a jikin maciji yana jinkirin warkewa, amma kowace saɓa tana rage tabon. Da damina ta sauka na mayar wa likitan Sakkwato hotuna da abin da ma'auni ke nunawa ta waya, ya ce ba sai na sake kawo ta ba. Ba ta ƙara cizon kanta ba.

Wanda ya sami kansa a wannan hali, shawarata ita ce ya raba gaggawa da bincike. Gaggawar ita ce raba bakin da jiki da ruwa mai ɗan sanyi ba tare da fizga ba, da wanke ciwo, da sauke dabbar wuri mai sanyi. Binciken kuwa ma'auni da littafi yake buƙata, domin da na je Sakkwato hannu rabbana, da raunin kawai za a wanke in dawo da ita cikin zafin da ya jawo shi. Yawancin bayanan kiwon mesa da ake samu a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su, hankalinsu yana kan fitilar ɗumama akwati, alhali mu a Kabi da Zamfara daga Maris zuwa Mayu sanyaya mazauni ne aikinmu, da hunturu kuma bushewar iska da sanyin dare. Haka nan kada mutum ya tsaya a dalili ɗaya da zarar ya same shi, tawa mesar zafi da ƙwari da saɓa da warin ɓera ne suka taru a kanta lokaci guda, kuma da na gyara ɗaya na bar sauran da wuya cizon ya tsaya.

Idan an gyara waɗannan duka amma cizon ya ci gaba, ko aka ga ɗaga kai sama da murɗewa da kasa juyowa, to a ware dabbar daga duk wani maciji a koma wurin likita ba tare da jinkiri ba, domin a nan ana maganar ciwon jijiya ko guba ko wani zafin ciwo a cikin jiki. Mai jinyar ma ya kula da kansa: macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsu, wadda ke sa mutum gudawa da zazzaɓi, saboda haka wanke hannu da sabulu wajibi ne, kada a wanke kwanon ruwanta inda ake wanke kwanukan abinci, kada kuma ƙananan yara su shiga ɗakin. Duk abin da na faɗa a kan macijin da ba shi da dafi ne, mai dafi kuwa ba abin ajiyewa a gida ba ne, balle a sa hannu a bakinsa. A ajiye katin asibiti da rasit da wasiƙar gandun daji wuri ɗaya, domin duk tafiyar da za a sake yi da dabbar za a neme su. Ni yanzu tun farkon Maris nake mayar da robarta ɗakin ƙasa in fara jiƙa tulun, ina duba ma'auni da azahar kowace rana har ruwan farko ya sauka.